Ofishin Muƙaddashi a Aji Uku

Kwana tara kacal ya taɓa yi a kujerar darakta, lokacin da mai kujerar ya tafi aka yi masa aikin ido. Shekara goma sha ɗaya ke nan da yin abin, amma har yau in ba ka ce masa Muƙaddashi ba, sai ya yi kamar ba da shi kake ba. Ainihin aikinsa kuwa ɗakin fayil ne, can ƙarshen baranda kusa da banɗaki, inda ya shekara ashirin da bakwai yana shaƙar ƙura. To da aka haɗe ma'aikatarsu da wata, aka liƙa sunayen waɗanda aka sallama a jikin allo, nasa ne na huɗu. Mutum goma sha biyu abin ya shafa a unguwarsu kaɗai. Sha ɗaya suka ce an kore su. Shi kuwa cewa ya yi gwamnati na nazarin inda za ta ɗora shi.

Wata uku gwamnati na nazari. A cikin wata ukun nan firij ya bar gidan, talabijin ta bi bayansa, 'yan biyunsa mata suka koma tafiya makaranta a ƙasa. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ba ta cika magana ba, amma ta iya ajiye kwano da ƙarfi.

Mutanen unguwa, Allah ya saka musu, ba su zuba ido ba. Wata Lahadi da yamma aka taru a ƙofar shagon Tela, Makaniki ya miƙe yana goge hannu da tsumma.

"Abin ba shi da wuya," in ji shi. "Ni ina neman hannu biyu a gareji. Mai Kemis yana neman mai tsare masa kanti. Hajiya Mai Burodi ta buɗe sabon reshe, mutum biyar take so. Kowa ya nuna wanda ya yi masa, gobe a fara aiki."

Aka fara tafi. Sai aka ji gyaran murya daga baya, irin wadda ake yi don a waiwayo.

"Haka kawai?" in ji Muƙaddashi. "Kamar ana zaɓen kaji a kasuwa? Ina fom? Ina fayil? Ina tantancewa?"

"Tantance wa?" in ji Makaniki. "Ai tare muka tashi da su. Wancan ma ni na fasa masa kai muna yara."

"Ka ji irinta ko! Da ka san aikin gwamnati da ba ka faɗi haka a gaban jama'a ba. Ku bar mini wannan. Lokacin da nake riƙe da ma'aikata..."

"Kwana tara," wani ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"...ba a taɓa ganin tsari irin nawa ba. Ku ba ni mako uku, in shirya muku abin da za a zo daga wasu garuruwa a kwaikwaya."

Mutanen unguwa suna da kunya, kuma ba wanda yake son ƙara wa wanda aka kora ciwo. Aka bar masa. Hedimasta ma ya ara musu aji uku na makarantar unguwa, ya ce su yi amfani da shi ranar Asabar.

Mako ukun nan Muƙaddashi ya dawo mutum. Ya kafa Kwamitin Wucin Gadi na Tallafa wa Ma'aikatan da Sauyin Tsari Ya Shafa, ya naɗa kansa shugaba. Ya tsara fom mai shafi huɗu. Ya sa aka sassaƙa masa hatimi mai sunan kwamitin, sunan ya yi tsawo har sai da aka zagaya shi layi biyu.

Da safiyar Asabar yana gaban madubi yana karya hula, sanye da farar babbar rigarsa ta ƙarshe da ba a sayar ba, Maman 'Yan Biyu ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ka saurare ni da kyau. Sau uku ina zuwa wajen Hajiya Mai Burodi, na zubar da kunyata na roƙe ta. Tana neman mai kula mata da sito da fitar da burodi, ta ce za ta ba ka. Da kanta za ta zo. Amma sha biyu na yi za ta tafi, tana da kwaɓin burodi a inji. Don girman Allah, da ta shigo ka miƙe ka ce na gode. Shi ke nan aikinka na yau."

"Sito?" Ya yi wata 'yar dariya. "Ke dai ki zo ki sha kallo. Matar nan in ta ga yadda nake juya ofis, da bakinta za ta ce in zo in zama manaja."

"Ni dai tukunya nake so in ga ta hau wuta."

Ya ci gaba da gyara hularsa. Gaskiyar magana, aikin nan yana son sa kamar ransa. Da asuba ya ji 'yan biyu suna raba ragowar burodin jiya, kowace tana cewa ɗayar ta ɗauka ita ta ƙoshi. So yake dai a miƙa masa aikin yana zaune a bayan tebur, ba yana tsaye hula a hannu ba.

A makaranta ya raba muƙamai ga abokan korarsa. Tsohon maigadin ma'aikatar ya ajiye shi a bakin get, ya ce kada kowa ya shiga sai da katin baƙo. Sakatariya ya zaunar da ita a ƙofar aji da ƙaramin tebur. Masinja kuma aikinsa kai fayil daga teburin Sakatariya zuwa nasa, tsakaninsu taku uku. Sauran suka jeru a bencin yara. Wallahi abin tausayi abin dariya: mutanen da suka yi wata uku fuska a murtuke, da ganin tebur da fayil sai jikinsu ya tuna gida. Suka sa hannu a littafin zuwa aiki, biyu suka buɗe jarida, ɗaya ya kifa kai ya kama barci.

Makaniki ne ya fara zuwa, ƙarfe tara da rabi.

"Kati," in ji Maigadi.

"Wane kati? Ni ne fa. Jiya na gyara maka keke."

"Na gane ka sarai. Kati."

"To ina ake karɓa?"

"A ciki."

"To bari in shiga in karɓa."

"Ba a shiga sai da kati."

Sai da aka kai maganar gaban Muƙaddashi a rubuce, ya yi nazari, ya ba da umarnin a riƙa miƙa katin ta taga. Makaniki ya zagaya bayan aji, ya taka ciyayi, ya karɓo, ya shigo yana huci. Sakatariya ta miƙa masa fom ba tare da ta ɗago kai ba.

"Ni fa ɗaukar mutum na zo yi, ba neman aiki ba."

"Shi ya sa aka ba ka na masu neman ɗauka. Hoto biyu, da sa hannun wani babba da ya san ka."

"Babba? Shugabanku ya san ni! Motarsa shekara biyu tana garejina kafin ya sayar."

"Ba a kawo zancen gida ofis," in ji Muƙaddashi daga ciki.

Makaniki ya cije, ya cike shafi huɗun nan da gumin goshi. Masinja ya ɗauka, ya yi taku uku, ya ajiye. Muƙaddashi ya ɗaga takardar da yatsu biyu, ya nuna wani ɗan tabon baƙin mai a gefenta, ya rubuta a sama da jan biro: an ƙi karɓa.

"Ka je ka wanke hannu ka sake wani."

"Wannan hannun," in ji Makaniki yana ɗaga shi sama, "shi ne zai ciyar da mutum biyu cikinku. In fari kuke nema, naku ma farare ne, me suka tsinana muku?"

Ya koma benci ya zauna, ya ce yau sai ya ga ƙarshen wannan wasan.

Goma da rabi motar Hajiya Mai Burodi ta tsaya. Mace ce mai jiki, mai saurin magana, wadda ba ta zama wuri ɗaya minti biyar. Maigadi ya buɗe baki zai ce kati, ta kalle shi sau ɗaya, ya ruga da kansa ya karɓo mata. Amma Sakatariya ba ta san tsoro ba.

"Oga yana mitin."

"Ga shi can ina ganinsa, farcensa yake yankewa."

"Shi ne mitin ɗin bai fara ba. Ki zauna, Hajiya."

Bencin aji uku an yi shi ne don 'yan shekara takwas. Hajiya ta zauna, gwiwoyinta suka taso kusa da haɓarta, bencin ya yi ƙara mai ban tausayi. Muƙaddashi yana hangen ta ta wutsiyar ido. Wani sashe na ransa ya ce tashi ka gaishe ta. Amma ya tuna darasi ɗaya da ya koya a kwana tara: babban mutum ba ya ganin baƙo nan take, sai ya bar shi ya ɗan dahu, sannan baƙon ya san darajar ofis. Minti ashirin zai ba ta, ba ƙari.

Ya buga tebur ya buɗe mitin. Aka karanta bayanin zaman da ya gabata. Wanda yake barci ya farka ya ce ba a sa sunansa cikin mahalarta ba. Aka yi gardama, aka kaɗa ƙuri'a, aka yi kunnen doki, aka kafa ƙaramin kwamiti. Kafin a ankara sha ɗaya da kwata ta yi. A waje kuwa Mai Kemis da Kafinta da wasu mutum goma suna layi a bayan taga, cikin rana, suna jiran kati.

"Muƙaddashi!" in ji Hajiya. "Kai, bawan Allah, magana ɗaya ce ta kawo ni, ko minti ɗaya ba za ta ci ba."

"Ranki ya daɗe, fayil ɗinki yana kan hanya."

"Wace hanya? Ga shi can a hannun wancan."

"Sai ya bi tsari, Hajiya. Ki lura dai da yadda ake gudanar da ofis, za ki ƙaru."

Masinja ya yi takunsa uku. Muƙaddashi ya buɗe fom ɗin Hajiya, ya gyara hannun riga, ya duba jama'a ya tabbatar kowa na kallo. Lokacin hatimi ya yi. Ya ja durowar teburin malami, inda ya adana hatimin tun safe don tsaro. Durowa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake ja. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya cire hula ya leƙa ciki. Sai a sannan ya tuna: irin durowar nan ce mai kulle kanta, makullin kuwa, don ƙarin tsaro, a ciki ya ajiye shi tare da hatimin.

"Matsa in buɗe maka," in ji Makaniki. "Da waya zan yi, kafin ka ƙifta ido."

"Kai da aka ƙi karɓar fom ɗinka? Ba ka da izinin taɓa kayan kwamiti."

"To ka karɓa mana."

"Ba zai karɓu ba sai an buga masa hatimi."

"Hatimin yana ina?"

Wata dariya ta kuɓuce wa Kafinta ta taga.

"Durowa nawa na buɗe a rayuwata!" in ji Muƙaddashi. Ya ɗora ƙafa ɗaya a jikin tebur, ya kama marfin da hannu biyu, ya yi bismilla ya fizga. Marfin bai buɗe ba, hannun durowar ne ya fita. Shi ya yi baya ya zauna cikin kwandon shara, teburin ya yi gaba, kwalbar tawada ta tuntsure. Rabi ya malale a kan fom ɗin Hajiya, rabi ya sami farar riga daga ƙirji har gwiwa.

"Innalillahi," in ji Sakatariya. "Sai ta cike wani."

Hajiya ta miƙe, bencin ya taso tare da ita kafin ya sake ta. Ta dubi agogo, sha biyu daidai.

"Na ga tsari, na ƙaru. Kwaɓina yana jirana. Sai an jima."

Ta nufi get, Muƙaddashi na biye da ita yana ɗigar tawada yana cewa minti biyu kawai, ranki ya daɗe. Suka tarar da get a rufe, da wani ƙaton kwaɗo a jiki. Shekara goma sha tara Maigadi yana kulle ƙofar ma'aikata sha biyu daidai ya tafi hutun rana, bai ga dalilin da zai sa yau ta bambanta ba. Ya sa makulli a aljihu ya hau kekensa, ba wanda ya san wajen da yake cin abinci.

Nan fa Hajiya ta buɗe murya. Ta ce buhu shida ta kwaɓa, in ya kumbura ya zube, sai ta sa an kwaso shi an kawo ɗakin Muƙaddashi ya kwana a ciki. Ihunta ya tara unguwa. Mata suka fito da ludayi a hannu, masu shago suka bar shago, masu layin kati suka zagayo. Makaniki ya leƙa ta tsakanin ƙarafan get ya aika a ɗauko masa zarto daga gareji.

"Ba za a lalata kayan makaranta a ƙarƙashin shugabancina ba," in ji Muƙaddashi. "Ni zan haura in nemo shi. Ina saurayi ba katangar da ta gagare ni."

Ya tattare riga ya kama get. Hawan dai ya hawu, da nishi da addu'a. A sama ne, da ya juya zai dira, ɗaya daga cikin tsinin ƙarafan ya shige ta wuyan babbar riga ya fito ta baya. Ya saki hannu, bai faɗo ba. Ya tsaya a rataye, fuska na kallon titi, ƙafafu na lilo, takalmi ɗaya ya faɗi. Unguwa ta kwashe da dariyar da aka yi mako uku ana haɗiye ta.

Cikin taron akwai wadda ba ta yi dariya ba. Maman 'Yan Biyu ta ɗaga kai ta dubi mijinta, ta dubi Hajiya a bayan ƙarafa, ta gyara mayafi ta matso gaba.

"Mai Kemis, mai tsaron kanti kake so? Ga Sakatariya can, ko ƙuda ba ya wuce ta. Kafinta, mai kai kaya? Ɗauki Masinja, amma ka gaya masa tafiyar ta fi taku uku. Makaniki, zaɓi biyunka. Hajiya, wancan mai jaridar direba ne, shekara ashirin bai taɓa buge ko akuya ba. Mai barcin nan kuwa ba shi aikin asuba, ya riga ya biya bashin barcinsa."

Kafin zarto ya gama cin kwaɗo an gama. Ana miƙa hannu ta tsakanin ƙarafa, ana cewa Litinin in Allah ya kai mu. Har Maigadi da ba ya nan Hedimasta ya ce ya ɗauke shi, tunda ya ga mutumin ya iya kulle ƙofa. Hajiya ta fito tana fifita da gyale, ta tsaya gaban Maman 'Yan Biyu ta ƙare mata kallo.

"Ke, sau uku kina zuwa kina roƙa wa wani, ashe ke ce mai aikin. Sitona naki ne. Shiga mota mu je ki gani."

Maman 'Yan Biyu ta dubi motar. Ta sake ɗaga kai sama, idonta ya ciko. Sannan ta ce, "Na gode, Hajiya. Bari dai a sauko mini da shi tukuna."

Duk wannan a kan idon Muƙaddashi aka yi, don ba wanda ya kai shi samun wurin kallo. Ya ƙirga daga sama: sha ɗaya, kowa ya samu. A jerin sunayen da ya tsara da hannunsa bai sa nasa ba, saboda shugaba ba ya cike fom.

"Jama'a," ya ce. Muryar ba ta gyaran murya ba ce, wata 'yar siririya ce da ba a san shi da ita ba. "Ni fa? Ni ma korata aka yi. Ba wani nazari da ake yi. Korata aka yi kamar kowa."

Dariya ta ɗauke ɗif. Makaniki, wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa, shi ya fara ajiye zarto ya tallabo ƙafafunsa, Kafinta ya hau ya zare rigar. Ta yage tun daga wuya har ƙugu. Aka zaunar da shi a dakalin get, wani ya miƙo masa takalminsa, matarsa ta tsaya a gefensa ta dafa kafaɗarsa. Guraben aiki kuwa sun ƙare.

Tela, wanda ya biyo taron daga shagonsa, ya sunkuya ya ɗauki wani fayil da ya faɗo daga hammatar Masinja. Bai karanta ko layi ɗaya ba. Gefen ya juya yana dubawa, inda aka haɗe shafukan da farin zare, ya bi ɗinkin da babban yatsa.

"Wa ya ɗinke wannan?"

"Ni ne," in ji Muƙaddashi, kai a ƙasa. "Ba mu da abin maƙala takarda. Haka nake yi a ɗakin fayil in ya ƙare."

"Da hannu? Duka?"

"Guda sittin."

Tela ya ja zaren da ƙarfi, bai motsa ba. Ya ɗaga shi a rana ya kanne ido ɗaya.

"Layi a miƙe, tazara daidai. Shekara biyu ina neman mai yi mini aikin hannu, duk wanda na samu sai ya yi mini tafiyar maciji. Litinin, ƙarfe bakwai."

Muƙaddashi ya ɗago. Wani abu na tsohon hali ya motsa a fuskarsa.

"Bakwai? Ai mu a ma'aikata sai goma muke..."

Yatsun Maman 'Yan Biyu suka nutse a kafaɗarsa.

"Bakwai saura kwata zan zo," ya ce. "Na gode."

"Madalla," in ji Tela, ya miƙa masa fayil ɗin. "Ka taho da rigar nan. Da ita za ka fara."